An katange turbar bakin teku a tsibirin da nake saro kifi: ina da haƙƙin wucewa?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Alaba Rago da ke Legas, kuma shekara 9 ke nan ina shiga jirgin ruwa daga Ojo zuwa wani ƙauye da ke cikin tsibiri, ina saro busasshen kifi da kwakwa. Daga inda jirgi yake sauke mu akwai wata 'yar turba da ta ratsa gonar kwakwa har bakin teku, inda masunta suke banda. A bana wani mai kuɗi ya sayi gonar, ya zagaye ta da waya, ya zuba masu gadi. Yanzu sai an biya kafin a wuce, ran da suka ga dama kuma su hana gaba ɗaya. Zagayen ya fi tafiyar awa guda cikin rairayi, ga kaya a ka. Wani ya ce mini ƙasa ta gwamnati ce, bakin teku kuma na kowa ne, don haka ba wanda ya isa ya tare ni. Haka ne?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa uku da mutane suke yawan cakuɗawa, wato gonar da aka saya, da turbar da ta ratsa cikinta, da kuma bakin ruwan da kake son isa gare shi. Hukuncinsu bai zo ɗaya ba. Wanda ya ba ka waccan shawara ya faɗi gaskiya a wani ɓangare, sai dai ya faɗe ta a yanayin da zai iya kai ka ofishin 'yan sanda idan ka yi aiki da ita kamar yadda ka ji. A dokar Najeriya babu wani haƙƙi na gama-gari da ya ba mutum damar ratsa gonar wani saboda kawai ƙauye ne, ko saboda babu gini a cikinta. Abin da zai iya kare ka shi ne turbar kanta, idan aka tabbatar tsohuwar hanya ce ta mutanen garin, kuma wannan haƙƙi nasu ne kafin ya zama naka.

Abin da muka taso da shi

Na fahimci dalilin da ya sa abin ya ba ka mamaki, domin mu da muka tashi a Arewa mun saba da wani tsari dabam. Gona ta mai ita ce muddin akwai shuka a ciki, amma da an kwashe amfani sai ta zama kamar ta kowa: mai wucewa ya ratsa, mata su yi kala, yara su yi kiwo, Bafulatani ya shigo da shanu su ci kara su bar taki. Akwai burtali, akwai mashaya, akwai hurumin gari, kuma duk wanda ya shigar da ɗayansu cikin gonarsa, mai unguwa ko dagaci ne zai sa ya ja da baya ba tare da an je gaban alƙali ba. Addini ma ya ƙarfafa wannan, domin hadisi ya zo cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, wani kuma ya ce idan aka yi saɓani a kan hanya a bar mata faɗin zira'i 7. To amma wannan duka al'ada ce da shari'ar da mutanen wurin suka yarda da ita. Ba za ka ɗauko ta daga Kano ko Zariya ka kafa hujja da ita a gaban kotun Ikeja ba, tunda filin yana ƙarƙashin al'adar masu ƙasar ne, wato ƙabilun Awori ko Egun, tare da dokokin jiha da na tarayya.

Akwai ƙasashen da suka rubuta irin wannan 'yanci a doka. Sikotilan ta yi haka a 2003, inda aka ba kowa damar tafiya a filayen karkara na masu zaman kansu matuƙar bai yi ɓarna ba, bai kuma kutsa harabar gidan mutum ba, kuma dokar ta haɗa da tsibiransu masu nisa. Nowe ta yi tata tun 1957. Mu ba mu da makamanciyarta. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina cikin Najeriya, kuma shi ne ya sa ba wanda zai ce maka kada ka je tsibirin don kai Bahaushe ne, amma bai ba ka izinin tsallake shingen wani ba.

Maganar cewa ƙasa ta gwamnati ce

Asalin wannan magana Dokar Amfani da Ƙasa ce ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma ɗaure ta cikin Kundin Tsarin Mulki yadda ba a iya taɓa ta sai da irin matakan gyaran kundin. Sashenta na farko ya ɗora duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya. Mutane da yawa nan suke tsayawa da karatu. Idan aka ci gaba, za a ga dokar ta ba wanda yake da haƙƙin zama a fili ikon hana kowa shiga in ban da gwamna, ta kuma amince da waɗanda suke riƙe da filayensu tun kafin 1978, ko suna da takarda ko ba su da ita. Saboda haka amanar da gwamna yake riƙe da ita ba ta mayar da gonar kwakwa dandalin kowa ba. Abin da ta haifar shi ne gwamna yana iya soke haƙƙin mai fili saboda maslahar jama'a, kamar fitar da hanya, ya biya diyyar abin da ke kai, kuma cinikin fili ba ya cika sai da amincewarsa.

A Legas akwai wani abin da ya girmi wannan doka, wanda kuma har gobe shi ne ke tafiyar da harkar ƙasa a ƙauyukan ruwa: fili na dangi ne ko na gari. Tun 1921 kotun ƙoli ta daular Ingila ta tabbatar da haka a shari'ar Amodu Tijani, basaraken Oluwa, wanda ya kai ƙarar gwamnatin mulkin mallaka kan filayen Apapa, Herbert Macaulay kuma ya raka shi Landan. Hukuncin ya nuna cewa miƙa Legas da Oba Dosunmu ya yi a 1861 bai share haƙƙin masu ƙasa ba, kuma basarake yana riƙe da fili ne a madadin jama'arsa. Daga nan ne ƙa'idar da kotunanmu suke bi ta samu ƙarfi, cewa filin dangi ba ya sayuwa sai shugaban dangi da manyan gidan sun haɗu a kai. Idan wasu 'ya'yan gida suka sayar ba da shugaba ba, cinikin bai ƙullu ba sam. Idan shugaba ya sayar a madadin dangi ba da yardar manya ba, ana iya rushe shi. Na kawo wannan ne domin tambaya ta farko a irin matsalarka ita ce wa ya sayar da gonar, kuma me ya sayar. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Sau da yawa mai kuɗin bai san da wata turba ba, safiyo ya auna masa fili daga kogi har teku, ya biya, aka ba shi taswira, waɗanda suka karɓi kuɗin kuma suka yi gum da bakinsu game da hanyar da iyayensu suke bi.

Bakin ruwa

A nan ne wanda ya ba ka waccan shawara ya fi kusa da gaskiya. Ruwan da yake cika yana janyewa da teku, da rairayin da ke tsakanin iyakar cikar ruwa da iyakar janyewarsa, ba a ɗaukar su mallakar mai gonar da ke kusa, kuma tun zamanin Turawa kotuna suka amince cewa tuƙa jirgi da kamun kifi a irin wannan ruwa haƙƙin kowa ne. Bugu da ƙari, dokar da ta kafa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, a 1997 ta sa mita 100 daga gefen hanyoyin ruwan da aka ayyana ƙarƙashin kulawar hukumar. An daɗe ana jayayya tsakaninta da hukumar hanyoyin ruwa ta jihar Legas, LASWA, wadda aka kafa a 2008, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024 ta ba tarayya gaskiya.

Sai dai a lura da abu biyu. Na farko, waccan mita 100 iko ne na hukuma a kan gine-gine da ayyukan da ake yi a gefen ruwa. Amfaninta gare ka shi ne idan mai gonar ya kai shingensa har cikin ruwa ko ya toshe inda jirage suke tsayawa, akwai wurin da za a kai ƙara. Na biyu, kuma shi ne mai ciwo, kasancewar bakin teku ba na mutum ɗaya ba bai buɗe maka hanya ta cikin gonar wani zuwa gare shi ba. Duk wanda ya san gaɓar Legas ya ga yadda wannan yake aiki: rairayin yana nan, amma ƙofar da za ka bi ta mai otal ce ko ta dangin masu ƙasa, kuma sai ka biya. Yanayin tsibiran da ke tsakanin mashigin Badagry da Tekun Atlantika, irin su Ilashe da Ibeshe, ya ƙara tsananta abin, domin ƙasar siririya ce, kogi a gefe guda teku a ɗaya gefen, saboda haka mutum ɗaya da ya sayi yanki daga ruwa zuwa ruwa ya raba gari da masuntansa. Kuma kada a ɗauka shigowar gwamnati kullum alheri ce ga talaka. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay, wani ƙauyen bakin teku a Legas, bisa zargin fasa bututun mai, mutanen da suka shafe shekaru a wurin suka kwashe kayansu cikin kwale-kwale a yini guda. Shi ya sa mutanen ƙauyukan ruwa suke ɗari-ɗari da duk shawarar da za ta jawo hukuma cikin garinsu, kuma ya kamata baƙo ya san da wannan kafin ya rubuta takardar koke da sunansu.

Turbar ita ce maganar

Doka ta san hanyoyi da dama da turba take zama haƙƙi a kan filin wani. Mafi ƙarfi a wurinka ita ce a nuna cewa hanyar jama'a ce, wato masu filin na asali sun bar ta ga mutane, mutane kuma suka karɓa ta hanyar bin ta a bayyane, shekara da shekaru, ba da neman izini ba. Idan haka ta tabbata, wanda ya sayi gonar ya saye ta ne da hanyar a cikinta, kuma toshe ta cutar da jama'a ne. A da sai da amincewar Antoni Janar ake shigar da irin wannan ƙara, amma a 1991 Kotun Ƙoli ta sassauta, a shari'ar da mazauna rukunin gidajen Ire-Akari a Isolo suka kai wani kamfanin sufuri da tirelolinsa suke tare musu tituna. Tun daga lokacin mutum yana iya zuwa kotu da kansa, muddin zai nuna asarar da ta same shi a karan kansa.

Akwai kuma haƙƙin da yake manne da fili, kamar mutumin da aka sayar wa gona a tsakiya ba ta da mafita sai ta cikin ragowar filin mai sayarwa, ko wanda gidansa ya daɗe yana amfani da hanya ta cikin filin maƙwabci. Wannan nau'i na masu fili ne a wurin, kai kuma ba ka da ko taku ɗaya a tsibirin, saboda haka ba zai amfane ka kai tsaye ba. Zai amfani masuntan idan suna da matsuguni tabbatacce a bakin tekun. Matsalar ita ce da yawa daga cikinsu su ma baƙi ne, Ilaje ko mutanen Gana da Togo, suna zaune da izinin masu ƙasa suna biyan wani abu duk shekara, kuma wanda yake zaune da izini ba ya iya cewa daɗewa ta ba shi mallaka. A al'adar Yarabawa, kamar tamu, aro ba ya zama gado komai tsawon shekarunsa.

Shekara 9 da ka yi kana bi shaida ce mai amfani, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Kotu za ta so jin tsofaffin garin, ta ga ko turbar tana kaiwa ga wani abu na kowa, kamar rijiya, maƙabarta, wurin bauta, makaranta ko mashigar jirgi, ta kuma duba tsofaffin taswirori.

Abin da na gani da idona

Na taɓa yin irin wannan aiki sau biyu, kuma na farkon ni na ɓata shi. Wasu masu saro kwakwa ne suka zo ofishina da koke kusan irin naka. Ina da ƙuruciyar aiki a lokacin, sai na zauna na rubuta wa mai filin wasiƙa mai zafi, na ba shi kwana 7 ya cire waya ko mu haɗu a kotu, ban taka tsibirin ba, ban gaida Bale, wato dagacin garin, ba. Kafin wata ya ƙare ya sauke bulo da jirgi ya maye wayar da katanga. Da muka nemi mutanen gari su ba da shaida, sai suka ce ba su san da maganar ba, kuma ban ga laifinsu ba, tunda baƙi ne suka kai ƙara a kan ƙasarsu ba su shawarce su ba. Maganar ta mutu a nan.

A karo na biyu na shiga jirgi na je. Wata tsohuwa mai banda ce ta zama jagorata, tana tafe ba takalmi, tana nuna mini abin da ba zan taɓa lura da shi ba. Bishiyoyin kwakwar gonar a jere suke, tazararsu ɗaya, amma a inda turbar ta bi an bar gibi mai faɗi, kuma bishiyoyin gefe biyu duk tsofaffi ne dogaye, alamar wanda ya dasa su ya tarar da hanyar ne ya kauce mata. Rairayin turbar ya lotsa ya yi tauri saboda sawu, ga ɓawon kawa da aka zuba a wuraren da ruwa yake kwanciya da damina. A tsakiyar tafiyar akwai wata tsohuwar rijiya ta siminti da igiya ta ci bakinta ta yi kwari-kwari. Muka ɗauki hotuna, muka sa safiyo ya auna faɗi da tsawo. Da aka duba tsohuwar taswirar da dangin suka yi tun kafin cinikin, sai ga turbar an zana ta da ɗige-ɗige. A taswirar mai saye kuwa babu ita. Da wannan takarda a hannu Bale ya kira zama, lauyan mai filin ya gani ya gane inda shari'ar za ta ƙare, aka yi sulhu: aka ja waya gefe biyu aka bar lungu mai faɗin da mutum biyu masu kaya za su gifta juna, aka rubuta, aka sa hannu, aka haɗa da sabuwar taswira. Mai filin ya nemi kada a bi da dare kuma kada a taɓa kwakwarsa, kowa ya amince, domin satar kwakwa da zubar da shara su ne suka sa shi katangewa tun farko.

Abin da nake ba ka shawara

Kada ka yanke waya, kada ka tsallaka, kada kuma ka tara yaran kasuwa ku je da yawa. Shiga filin wani ba izini abu ne da zai iya neman diyya a kansa ko ba ka lalata komai ba, idan kuma aka haɗa da ƙarfi ko barazana ya zama laifi. Dokar Kare Kadarori ta jihar Legas, wadda Gwamna Ambode ya sa wa hannu a 2016 domin maganin 'yan omonile, wato masu ƙwacen fili da tatsar kuɗi da sunan su ne 'ya'yan masu ƙasa, ta haramta shiga fili da ƙarfi ko da mutum yana ganin yana da gaskiya, kuma ba ta tambayar ko kai ɗan kasuwa ne mai neman halal. Mu baƙi a Legas mun san yadda ƙaramar hatsaniya take rikiɗewa ta zama maganar ƙabila cikin awa guda, kuma waɗanda za su ɗanɗana ba su ne suka tsallaka shingen ba.

Ka fara da masu bandar da kake ciniki da su, domin asararsu ta fi taka: duk ranar da aka hana ka wucewa, kifinsu ne yake kwana. Su ne za su kai ka wurin Bale, kuma ka tafi da wani dattijo daga wajen Sarkin Hausawan yankinku wanda yake jin Yarabanci, ku je da gaisuwa yadda aka saba. Abin da za ku nema a zaman farko shi ne sani: wane gida ne ya sayar, an cire turbar daga cinikin ko ba a cire ba, kuma akwai tsohuwar taswira. Idan garin ya ɗauki maganar a matsayin tasa, lauya zai iya bincika matsayin filin a ofishin Babban Safiyo da ma'aikatar filaye ta Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take. Wannan bincike yana da muhimmanci, domin filaye masu yawa a Legas suna cikin waɗanda gwamnati ta karɓe tuntuni, sai abin da ta yanke wa ƙauyuka ta buga a gazet, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar mai shingen kansa ba shi da takardar mallaka, rasit ɗin dangi kawai yake riƙe da shi. Mutumin da yake cikin wannan hali ba ya son a kai shi Alausa, kuma yakan saurari sulhu da wuri. Idan zaman gari bai wadatar ba, akwai Cibiyar Sasanta 'Yan Ƙasa ta ma'aikatar shari'ar jiha, wadda take aiki kyauta, akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Legas da aka buɗe a 2002, inda yarjejeniya take samun ƙarfin hukunci idan alƙali ya sa mata hannu. Kotu ita ce ta ƙarshe, domin shari'ar fili a nan tana iya cin shekaru, kuɗinta kuma ya wuce ribar kifin.

Game da kuɗin da masu gadi suke karɓa, idan dole ta sa ka biya domin kayanka kada su lalace, ka riƙa rubuta rana da adadi, ka nemi rasit, ka kuma faɗa a gaban shaida cewa ba da yardarka kake biya ba. Dalili shi ne biyan da aka daɗe ana yi ba musu lauyan ɗaya ɓangaren zai iya kawo shi a matsayin hujjar cewa da izini ake wucewa, izini kuwa ana janye shi. Yana da kyau kuma a bincika ko mai filin ya san ana karɓar kuɗin, domin na sha ganin inda masu gadi ne suka ƙirƙiro harajin, shi yana can Lekki bai da labari.

Duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi, ban ga taswira ko takardar ciniki ba, kuma layi ɗaya a cikin waɗannan takardu yana iya juya amsar. Idan aka duba aka tarar turbar sabuwa ce, masu saro kaya ne suka fitar da ita don yanke tafiya bayan an buɗe mashigar jirgin, kuma mutanen gari suna da tasu tsohuwar hanyar ko da ta fi nisa, to mai gonar yana da ikon rufewa, abin da ya rage sai roƙo da ciniki. A wannan hali ku haɗu ku masu saro kaya ku nemi izini a rubuce na shekara, da kuɗi tsayayye da lokutan wucewa, ko kuma ku shirya da masu bandar su riƙa kawo kifin mashigar jirgi ranar da kuke zuwa, a ƙara kuɗin dako a kan farashi.